Rigunan Sanyi a Watan Afrilu

Shekara tara Hansai ta yi tana dafa wa yaran gidan marayu na hanyar Achika abinci, kuma ta ga kyauta iri-iri, amma ba ta taɓa ganin irin dilar da aka sauke musu a tsakiyar Afrilu ba. Wata ƙungiya ce ta aiko daga ƙasar da ƙanƙara ke zuba. Ita ta sa rai da zannuwan gado. Da aka farke, sai ga rigunan sanyi masu kauri kamar katifa, kowace da hula mai gashi.

"Malam, a kai su ɗakin ajiya sai Disamba," ta ce wa Gwadabe, shugaban gidan.

"Inna, hoto suke so. Mutane sun yi alheri, a ce ba mu saka ba?"

Bayan azahar aka jera yara ashirin da bakwai a gindin darbejiya sanye da rigunan, ana iya ganin hancinsu kawai. Gwadabe ma ya zura babba a kan kaftaninsa, ya ja zif har wuya, wai shugaba ne ke fara nuna godiya. Saifuddeen, ɗalibin jami'a da ke zuwa koya musu lissafi, ya ɗaga waya ya ce kowa ya yi murmushi.

Sai Sakina, 'yar shekara huɗu, ta taka bakin rigarta ta faɗi rigingine. Ta kasa tashi, tana ta wutsil-wutsil da ƙafa kamar kunkuru. Da sauran suka ga faɗuwar ba zafi, sai kowa ya zube. Suna karo da juna, suna birgima, suna dariya har da hawaye. Hansai ta ɗaga wannan, wancan ya kwanta.

Tana cikin haka ta ji Gwadabe a bayanta, murya ƙasa-ƙasa.

"Inna, zif ɗin ya ƙi."

Gumi na ɗiga daga gemunsa. Ta ja, ya ƙi. Ta goga kyandir, ya ƙi. Ta ce za ta ɗauko almakashi, ya ce kayan amana ne, ba za a yanka ba. Sai ta zaunar da shi a kan turmi, ta sa yara biyu suna yi masa fifita da faifai, ita kuma tana ɗiga man gyaɗa a zif ɗin da cokali. Sai dab da la'asar ya fito, yana ƙamshin ƙuli-ƙuli.

Hoto ɗaya ne ya yi kyau, shi aka tura. Bayan mako uku amsa ta zo. Gwadabe ya karanta wa Hansai a bakin murhu: sun ji daɗi ƙwarai, amma sun lura yaran ba su da safar hannu, ga ta nan tafe.

Hansai ta ci gaba da tuƙa tuwonta.

"Ka ce su haɗo da manya guda biyu," ta ce. "Tukunyar nan tana ƙona ni."