Gurnanin Motar Vernon

Roscoe ya ɗage ƙafa daga totur a hankali, ƙarar injin ta sauko, motar ta koma silo a karon farko tun da suka sa mata sabon kamshaf. Ba ta kwanta luf yadda ta saba ba. Gurnani ta shiga yi a rarrabe, ta yi kamar za ta mutu, ta farfaɗo, ta sake yi, har sifanun da ke kan benci suna rawa.

Vernon na tsaye da tafin hannunsa a jikin motar. Ya rufe ido, ko da yake rufewar da buɗewar yanzu ba su da wani bambanci sosai a wurinsa. Tun bara tsakiyar ganinsa ta dushe, sai gefe-gefe, likita kuma ya ce shi da tuƙi sai labari. Kunne dai yana nan garau.

"Ka ji ta?" in ji shi.

"Ni da maƙwabtanka da mutanen maƙabartar bayan coci, duk mun ji ta," in ji Roscoe, yana fitowa da ƙyar, hannu a ƙugu. "Ka samu abin da kake so, mutumina. Ni kuwa bayana ya gama yawo."

Mako guda suka kwashe a garejin nan, tsofaffi biyu da suka yi ritaya daga masana'anta ɗaya: Roscoe na gani yana faɗa, Vernon na laluba yana ɗaurewa. Kamshaf ba wani abin kallo ba ne, sandar ƙarfe ce mai tozaye da ke buɗe bawul ta rufe a cikin inji. Duk wanda ya san harkar zai ce maka ka zaɓi wanda ya dace da motarka, sannan ka sauko mataki guda. Kuma duk wanda ya gaya maka haka, shi kansa bai yi ba. Tsofaffin wannan gari na kudancin Ohio da kunne suke zaɓen kamshaf. Ran Asabar da la'asar sukan jera motocinsu a filin gidan cin hambaga, su baje kujeru, in mota ta shigo ba wanda ke damuwa da fentinta sai an fara jin muryarta. Shekara da shekaru motar Vernon ƙirar Chevelle tana shiga filin nan shiru kamar motar fasto, ana tsokanarsa yana haɗiyewa. Da idon ya tafi, sai ya ɗauki waya ya sayi mafi girman tozayen da aka ce injin zai iya ɗauka.

Yau Asabar ce, kuma matarsa Nadine ce direba.

Ta fito daga kicin tana sa rigar sanyi, ta tsaya tana duban motar da ke kakkarwa. "Tsoho, wannan gyara kuka yi ko ɓatawa? Lafiyarta ƙalau kuka sa mata tari."

"Ba tari ba ne, murya ce."

"Uwargida, bari in gaya miki tun da wuri," in ji Roscoe. "Birkin nan daga zuƙar injin yake samun ƙarfi, shi kuwa wannan kamshaf ba ya barin komai. Zai ɗan yi tauri. In kin tsaya a danja, ki danne birki da hagu, dama kuma tana ɗan taɓa totur, in ba haka ba za ta mutu."

"Ƙafa biyu? Ni da ɗaya da rabi ta rage min?"

Suka yi dariya, har da ita. Gwiwarta ta hagu ta daɗe da lalacewa, tun shekarun da ta yi a tsaye tana dafa wa 'yan makaranta abinci. Vernon ya san haka sarai, amma a ranar kunnensa na wani wuri.

Roscoe ya biyo su a baya cikin a-kori-kurarsa. A danjar farko motar ta mutu, na baya suka yi ta danna hon. Nadine ta sake tayar da ita. A ta biyu ta kama dabarar. Sai gangaren da ke sauka zuwa babban titi, inda Vernon ya ji kujerar direba ta yi ƙara, ya ji numfashin matarsa ya tsaya, motar kuma tana ci gaba da silalewa. Ta tsaya dai, amma sai da hancinta ya leƙa titi, wata babbar mota ta wuce da iskar da ta girgiza su.

"Lafiya?" in ji shi.

"Lafiya lau. Gyara zamanka."

Da suka karya kwana suka shiga filin, hira ta ɗauke. Vernon ya ji kujeru suna motsi, ya ji takun mutane suna nufo su.

"Kai! Vernon ne? Me ka ba fasto ya ci ya koma ɗan dambe?"

"Kada ku kashe ta, ku bar ta ta yi magana!"

Ya fito ya jingina da ƙofa, ba ya gane fuskar kowa, amma ya san kowace murya. Daɗi ya ji, daɗi na gaske, irin wanda bai ji ba tun ranar da ya miƙa wa Nadine makulli. Aka buɗe bonet, aka kewaye injin, kowa ya zama gwani. Wani ya ce ai birkin ba matsala ba ne, a sa mata ɗan famfon lantarki. Wani ya ce famfo ba zai hana ta mutuwa a danja ba, sai an sauke giya an canza abin da ke haɗa ta da inji. Na uku ya ce in an yi haka kuma dole a taɓa ƙafar baya, sannan lagireto zai yi kaɗan. Vernon ya san duk gaskiya suke faɗa. Haka harkar take, kowane gyara da ɗan'uwansa a bayansa yana jiran layi. Ya tuna sanyin simintin gareji da nishin Roscoe, sai gajiyar makon duka ta sauko masa a kafaɗa.

"Bari in karɓo mana abinci," in ji Nadine.

Filin tsakuwa ne. Duk da gurnanin motar da surutun mutane, Vernon ya ji tafiyarta: taku ɗaya, sai ja, taku ɗaya, sai ja. Ta tsaya, ta huta, ta ci gaba. Tun suna samari ya san takun matar nan, kuma da ta fito daga kicin ɗazu ba haka yake ba. Ya bi sautin da kunne har ya shige ƙofar gidan abincin. Kunya ta kama shi, ta haɗu da tsoro, don yanzu ne gangaren nan ya dawo masa sosai.

Ya zura hannu ta taga ya lalubo makulli ya kashe motar. Mutane suka yi ta ƙorafi, bai kula su ba.

"Roscoe, ina tsohon kamshaf?"

"Yana bayan motata. Fitilar tebur zan yi da shi, na ma sayo wayar."

"Kada ka huda shi. Litinin za mu mayar."

Roscoe ya ja dogon tsaki. "Wallahi kai ne ajalin bayan nan nawa."

Nadine ta dawo da ledar abinci ta tarar da maganar. "Wace irin mayarwa kuma? Tun yaranmu suna ƙanana kake mafarkin abin nan. Zan saba, tsoho. Ai na kawo mu."

"Kin kawo mu," in ji shi. "Na ji muryar motar, kowa ma ya ji. Roscoe ne zai tuƙa ta gida."

Ba ta yi gardama ba, abin da ya ƙara tabbatar masa yadda gwiwar take.

Rana na shirin faɗuwa suka kama hanyar gida, Roscoe a gaba cikin Chevelle, Nadine na tuƙa a-kori-kurar mai laushin birki, Vernon a gefenta da ledar abincin a cinya, bai ko buɗe ba. A baya tsohon kamshaf na birgima yana bugun ƙarfe a kowace kwana. Da suka hau titi ya sauke gilashi, iska mai sanyi ta shigo da gurnanin motarsa daga can gaba. Nadine ba ta son sanyi, amma ba ta ce ya rufe ba. Ta ɗan ƙara wuta don kada Roscoe ya yi musu nisa.