Jaririn Sito

Edita tana cikin yanka bidiyon rahoto kan wani kamfani da ya kori ma'aikaciya saboda ta zo aiki da goyo, sai Manaja ya leƙo.

"Rahoton nan zai girgiza su. Amma a ƙarshe mu nuna namu ɗakin masu shayarwa, su ga yadda ake yi."

"Ranka ya daɗe, ai ba mu da shi."

"Za mu samu kafin azahar. A share sito."

Edita ta miƙe ta nufi sito. Dokar gidan talabijin ɗin ta hana zuwa da yara, wadda aka kama kuwa ta kama hanyar gida. Ita kuma tun da hutun haihuwarta ya ƙare, a sito take ɓoye ɗanta, cikin kwalin tsohuwar kyamara, Baba mai sito yana duba mata shi.

Kafin ta isa, an riga an shimfiɗa darduma, an kawo furen roba da fanka, an liƙa allon ɗakin masu shayarwa a ƙofa. Manaja na tsaye a gaban kwalin, yaron na tsotsar yatsa.

"Baba, wannan fa?"

Baba ya dubi Edita, ya dubi silin. "Kayan aiki ne, ranka ya daɗe. Aro na yi."

"Kun ga mai tunani! Ni 'yartsana na ce a nemo."

Aka miƙa shi ga mai gabatarwa, ta riƙe shi nesa da rigarta kamar tukunya mai zafi. Ya tsanyare da kuka.

"Kukan nan bai yi kama da na gaske ba," in ji mai ɗaukar sauti. "Ina da wanda ya fi shi a kwamfuta."

"Edita, ke da ba kya yin komai, karɓe shi ya huce," in ji Manaja.

Ta karɓa. Ya yi tsit, ya cusa kai a ƙirjinta. Manaja ya ce ashe tana da baiwa, Allah ya ba ta nata. Ya manta shi ya sa hannu a hutunta.

Da aka gama, aka naɗe darduma, aka ɓamɓare allon ƙofa.

"Yaron fa?" in ji Baba.

Manaja ya ce, "Kada a mayar. Masu ba mu talla za su zo gani, ban san ranar ba. A riƙa kawo shi kullum, a ajiye shi a sito."

Edita ta gyara masa wuya a kafaɗarta.

"Ranka ya daɗe," ta ce a hankali, "kayan aiki suna lalacewa da zafi."

Manaja ya ɗan yi tunani. "A bar fankar."