Ƙanƙara a Gonar Baba Kalli

Saura kaɗan in bar labarin nan ban rubuta ba, don Meram ba ta son a tayar da zancen ranar. Amma ta ce in zan faɗa, in faɗa yadda ya faru.

Shekarar 1985 ce, damina ta farko da ta yi kyau bayan fari. Meram tana zaune da mahaifinta, Baba Kalli, a wani ƙauye da ke gefen Gashua, kan hanyar Nguru. Idon Baba ya mutu tun kafin farin. Wanta Ibram ya tafi Nguru yana dako a tashar jirgi, kuma ya aiko cewa in bana ma rumbu ya kwana wayam, zai zo ya kwashe su su koma ɗakinsa na haya. Baba ya ce gara ya mutu a inda ya san hanyar masallaci da ƙafarsa. Don haka gona ta dawo wuyan Meram, ita ce shuka, ita ce noma, ita ce korar tsuntsu.

Kullum bayan azahar sai ya kira ta.

"Meram, me gabas ta ce?"

Sai ta ɗaga kai ta faɗa masa abin da ta gani. Shi ya koya mata cewa girgije ba daga nesa yake zuwa ba. Rana ce ke zuƙar ruwan fadama, tururin ya yi ta hawa har ya iske sanyi a sama, sai ya taru, kamar yadda ruwa ke taruwa a murfin tukunya. In zafin ƙasa ya yi yawa, tururin yakan hau ya wuce inda ya kamata, can sai ruwan ya daskare.

Ran nan zafi ya yi zafi, ko ganye ba ya motsi. Gero ya fitar da kai, amma idonsa bai gama cika ba.

"Girgijen ya yi tsawo, Baba. Kansa fari fat, ya baje kamar faifai."

"Cikinsa fa?"

"Baƙi. Amma da wani kore-kore a ƙasa."

Baba ya murza carbi.

"Ɗauki wuƙa ki je ki yanko geron nan."

"Baba, bai nuna ba."

"Na sani. Je ki."

Ta tsaya a bakin zaure. Tun asuba take gona. In ta yanka yanzu, rabin tsabar zai tafi a ƙaiƙayi. In ta bari, wataƙila hadarin ya wuce kamar na jiya da na shekaranjiya. Ta ɗauki wuƙa da igiya ta fita, ba don ta yarda ba, sai don ba ta da ƙarfin musu.

Ya Falmata, maƙwabciyarsu, tana dawowa daga kogi da tulu a ka, ta gan ta tana kayar da kara.

"Ke 'yar Kalli! Tumu za ki gasa wa gari gaba ɗaya?"

"Baba ne ya ce."

"Baban naki da ba ya ganin tuwon gabansa, shi ke ganin sama? Ki ce dai kina marmarin Nguru, kina son ki ga jirgi."

Meram ta sunkuyar da kai, ta ci gaba. Ta yanka, ta ɗaure, ta kai rumfa, ta dawo. Ganyen gero ya yanyanka mata hannu. A dami na ƙarshe da ta ɗauka, wuyanta ya ƙi, ta zauna a kunya ta ce bari ta ɗan huta. Ko kashi ɗaya cikin uku na gonar ba ta ci ba.

Sai iska mai sanyi ta bugo, irin wadda ba a san ta ba sai a tsakiyar hunturu. Wani abu ya buge ta a kafaɗa. Ta duba ƙasa, ta ga farin dutse kamar ƙwan zabuwa. Ta ɗora damin a ka ta ruga.

Ba a daɗe ana ƙanƙarar ba. Da ta leƙo daga rumfa, ba ta gane ƙauyen ba. Rufin ɗakuna, hanya, gindin kuka, ko'ina fari. Ta tuna hoton kalandar da ke shagon Abbagana a kasuwar Gashua, wani gari na ƙasar Turawa da farin ƙanƙara ya binne gidajensa. Ta sha tsayawa tana kallonsa, tana cewa a ranta mutanen nan sun ji daɗi. Yanzu ga shi a ƙofar gidansu, tururi na tashi daga kansa, ita kuwa tana rawar ɗari. Can gona kuwa, babu kara ɗaya a tsaye.

Daga gidan Ya Falmata ana ta salati.

Baba ya lalubo bakin rumfa, ya shafa dammunan ɗaya bayan ɗaya. Ya murje zangarniya a tafinsa, ya hura, ya taɓa abin da ya rage.

"Zai kai mu ina, Baba?"

"Da wake da kifi, wataƙila ya kai mu bazara." Ya kakkaɓe tafinsa. "In an tsinto na ƙasa."

"Ibram fa?"

"Kar ki aika masa tukuna."

Washegari da sassafe ƙanƙarar ta narke, sai taɓo. Meram ta baza ɗanyen geron a tabarma ya sha iska, ta ɗauki ƙwarya biyu. Ta biya ta gidan Ya Falmata ta miƙa mata ɗaya don tsinto. Baba ya kira ta daga zaure yana tambayar me gabas ta ce. Ta ce sai ta dawo. Ta shiga gona, ta durƙusa a kunyar farko, ta fara zaro zangarniya daga cikin taɓo.