Suna na Huɗu a Kan Dutsen

Nu'uman na wanke motar kafilinsa, maigidan da yake yi wa direba, a unguwar Badi'a ta birnin Riyad lokacin da wani hoto ya shigo wayarsa. An gina ginshiƙi a bakin kasuwar garinsu don tunawa da 'yan garin da suka rasu a fagen daga. Sunaye goma sha ɗaya aka sassaƙa a farin dutse, na huɗu kuwa nasa ne.

Ya san yadda aka yi. Ƙanensa Sha'aban bai gama sakandare ba, sai ya ɗauki takardar kammala makarantar Nu'uman ya shiga soja da ita. Da sunan ya yi yaƙi, da shi aka binne shi.

Nan take ya kira shugaban kwamitin ginin, yana huci.

"Alhaji, ga ni da raina a Riyad! Ku sa sunan Sha'aban."

"Haba Nu'uman, abin da ke takarda muka bi. An ma yi bikin buɗewa. Ai duk gida ɗaya ne."

Ya jefa soson cikin bokiti. Duk shekara ke nan za su taru su nema wa direba mai rai gafara. Wanda harsashin ya samu kuwa, ba bakin da zai ambace shi.