Wanda Ya Yi Walda Shi Ke Fara Hawa

Sau uku Baba Mai Walda yana kai rodin walda bakin tsagar ƙarfen, sau uku hannunsa na dama yana karkarwa. Ya ɗaga gilashin fuska, ya harari hannun kamar wani ne ya ara masa shi.

Motar Likita ce a kan jak, tsohuwa mai launin madara, wadda ta girmi rabin masu sana'ar layin. Ta faɗa rami ne da gudu, ƙarfen nan da ya gitta ƙarƙashin inji, wanda ƙafafun gaba suke rataye a jikinsa, ya tsage ta dama. An daina ƙera irinsa tun da daɗewa. Ko a ɗinke shi, ko motar ta zama ɗakin kaji.

Likita tsoho ne da ya ajiye aiki, ba ya ƙaunar komai kamar motar nan. Yana zaune a benci ya dafa sanda, ya ga komai.

"Ka huta tukuna," in ji shi. "Zan jira ko wata guda ne. Hannunka nake so."

"Hannun ya yi ritaya bai faɗa mini ba," Baba ya ce. Ya juya ya ɗaga murya. "Auta! Ajiye wannan salansar ki zo."

Auta ce ƙaramar 'yarsa, ita kaɗai a cikin 'ya'yansa ta ƙi rabuwa da garejin. Ta haifi biyu, amma har yau salansa da ƙofa kawai yake barin ta ta taɓa. Ƙarfen da ke ɗauke da rai, wannan nasa ne shi kaɗai.

Likita ya gyara zama. "Ba raini ba ne, 'yata, amma in wannan ya balle a kan hanya, ba sauran magana."

"Haka ne, Baba Likita," ta ce. Ta karɓi gilashin.

Baba ya ja kujera kusa, ya shirya gyara mata kuskure, don a duniya ba abin da ya iya kamar wannan. Sai ya ga ta fara huda ɗan rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba. Ta goge bakin da giranda har ƙarfe ya yi fari. Ta ja zare daga kusurwa zuwa kusurwa, ta auna, ta sake aunawa. Sannan ta kunna wuta: ɗan ɗinki nan, ta tsallaka can, ta dawo, don kada zafi ya taru wuri ɗaya ya karkatar da ƙarfen. Ya buɗe baki zai ce ta rage wuta, kafin ya furta ta rage. Haushi ya kama shi, da wani daɗi da ya rasa inda zai ajiye.

Mai faci na maƙwabta ya leƙo da bokitin ruwa, wai a watsa wa ƙarfen ya huce da wuri.

"Ka watsa a kanka," in ji Auta. "Shi da kansa zai huce."

Baba ya yi tari don ya ɓoye dariya. Maganarsa ce, har da yadda yake jan ta.

Da la'asar aka ɗaure ƙafafu, aka sauke motar. Garejin yana da doka ɗaya da kowa ya sani a layin: wanda ya yi walda shi ke fara hawa, shi kaɗai, ya bi hanyar bayan kasuwa mai ramuka ya dawo. In aikin na ƙarya ne, a jikinsa zai ji. Baba bai taɓa karya dokar ba, kuma bai taɓa sa ƙafa a motar da wani ya ɗinke ba sai an gwada.

Auta ta goge hannu, ta shiga, ta tayar. Tana ƙoƙarin sa giya ta ji an buɗe ƙofa. Baba ne, yana cusa gwiwoyinsa masu ciwo, ya zauna daidai ɓangaren da ɗinkin yake.

"Baba, doka fa?"

"Ni na kafa ta. Ja mu je."

Likita ya miƙe tsaye ba tare da sanda ba. Mai faci ya saki baki.

Suka fita a hankali, Baba ya ɗora gwiwar hannu a taga yana amsa gaisuwa, har da ta waɗanda ba su gaishe shi ba. Ga mai sayar da taya ya ce da ƙarfi, "Aikin Auta ne!" alhali mutumin bai tambaya ba.

A bayan kasuwa babban ramin nan ya bayyana, wanda masu tasi suke zagi kullum. Auta ta tuna da gwiwoyin mahaifinta, ta murza sitiyari ta kauce masa.

"Tsaya," ya ce.

Ta taka birki. "Ka ji wani ƙara ne?"

"Ban ji komai ba. Shi ya sa." Ya gyara hula, ya riƙe ƙofa da hannun nan mai karkarwa. "Koma baya, ki shiga ramin."