Ƙarfe a Bakin Ƙofar Magaza

Danda magini ya sake shafa yaɓen da tafin hannunsa, ya sunsuna yatsunsa. Wannan ba ƙasarsa ba ce. Tasa ja ce, daga kududdufin bayan gari yake ɗebo ta. Wannan kuwa fari-fari ce, ga ta da sauran danshi. Kwana biyu kacal ya yi a Hawandawaki wajen sunan jikansa, ya dawo Baudeta ya tarar wani ya taɓa masa gini, dama da hagun ƙofa, tun daga ƙasa har sama.

Magazar Alhaji Bawa ce, ɗakin ajiyar gyaɗa. Tun da aka samu mulkin kai gyaɗa ta yi daraja, Alhaji ya ce shi ƙofa yake so wadda babbar mota za ta shiga da baya. Kamu bakwai! Danda ya shekara talatin yana gini, bai taɓa buɗe ƙofar da ta wuce kamu uku ba, amma ya ƙi nuna gazawa. Ya jera azarar giginya a kanta, ya ɗora tubali. Rufi kaɗai ya rage. In ginin nan ya tsaya, sunansa ya tsaya. In ya faɗi, ko akurkin kaji ba mai ƙara ba shi.

"Zara'u," ya kira mai furar da ke zama a gindin bedi, "wa ya zo nan bayana?"

"Ni ban ga komi ba, Baba Danda." Ta ci gaba da damunta. Can ta ce, "Sale dai ya gitta jiya da hantsi."

Sale! Dama yaɓen na bahago ne, daga hagu aka jawo shi. Yaron da ya koya wa kwaɓa ƙasa da ƙafa, ya tafi Tasawa ya yi aikin siminti da Turawa, ya dawo yana cewa a kira shi maso, wato magini a bakin Faransawa. Tun ranar da aka ba Danda wannan aiki yake zagaya wurin yana leƙe-leƙe, har ya taɓa cewa, "Baba, bangon gefen ƙofar nan ya yi siriri, kuma gabas ya fuskanta." Danda bai manta ba. Ai mai son abu ya faɗi shi ne ke fara faɗin zai faɗi.

Ya ɗauko sangwami ya fara farfasa yaɓen. Bai yi nisa ba ya ji ƙarau. Ƙarfe ne, dogo, baƙi, an kafa shi cikin ƙasa, an ɗaure kansa da waya a jikin azara, ƙulli uku. Ya taɓa jin ana binne wa magini allura ko tsohuwar wuƙa don gininsa ya tsage, to ina ga wannan ƙato? Ya yi bisimilla, ya kwance wayar, ya girgiza ƙarfen har ya fito. Ya koma ɗaya gefen, nan ma haka. Kafin la'asar ya yar da su biyun a ƙasa, gumi na zuba, ransa ya yi fari.

Sai ga Alhaji Bawa a kan doki. Ya dubi ƙarafan, ya dubi ramukan, ya kama baki.

"Danda, mi ka yi haka?"

"Asiri na tone, Alhaji. Sale ne."

"Wane asiri? Ni na sa shi! Daga Maradi na sa aka kawo ƙarafan ga. Sale ya same ni ya ce bangon gefen ƙofa ba abin da ya riƙe shi, iskar farkon damina na iya kwantar da shi kafin a yi rufi. Na ce in gaya maka, ya ce a'a, kai ka koya mashi aiki, ba ya son a ce ya gyara maka gini. Shi ya roƙa a yi ba ka nan, ya lulluɓe da yaɓe don kada kowa ya gani."

Danda ya dubi ƙarafan da ya yar a ƙasa. Kunya ta rufe shi har wuya.

Zara'u ta fara tattara ƙorenta da sauri. Gabas ta yi ja, sannan ta yi baƙi, ganyen bedi ya soma kaɗawa. Danda ya ɗora tafinsa a bangon hagu. Iska ta buso, ya ji ginin ya motsa a ƙarƙashin hannunsa, kaɗan, kamar numfashin saniya. Ƙasa ta zubo daga kan azara ta sauka a hularsa.

Ya duƙa ya ciccibi ƙarfe guda, ya kai shi bakin rami. Tsayar da shi zai iya, amma ƙullin wayar nan bai san yadda ake yi ba, da ƙyar ma ya kwance shi.

Ya waiga. Can ƙetaren hanya, bakin rumfar awo, Sale na tsugune da naɗin waya a hannun hagu. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake wurin. Bai taso ba, kansa a sunkuye. Mutanen da ke gudun hadari sun fara tsayawa suna kallo.

Danda ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Maso Sale! Taho ka ɗaure, ni in riƙe maka."