Ka, Ba Ki Ba

Da allura a bakinsa Tela ya durƙusa yana rage ƙugun wandon da Kuku zai sa zuwa asibiti. Shi ya ɗinka masa wandon bara, cif a jiki, amma yanzu mutum biyu sai su shige ciki. Ya tattare yadin ta baya, yatsunsa suka ci karo da ƙashi, sai ya sunkuyar da kai don kada mai wandon ya ga fuskarsa.

"Mu sake," in ji Tela, bayan ya zare allurar. "In muka shiga na ce zauna, yaya za ka zauna?"

"Ƙafa a buɗe, hannu a gwiwa, fuska a murtuke kamar an taka ni a kasuwa," in ji Kuku. Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, ya dafa bango har ya lafa. "Ke dai kin cika tsoro, 'yar nan."

"Ka ji ko! Abin da nake faɗa tun asuba ke nan. Ka, ba ki ba. In bakinka zai suɓuce, datse maganar. Zo. Tashi. Zauna. Waɗannan ba su da namiji ba su da mace."

"To, malama, na ji."

A ɗakin nan, in an rufe ƙofa, shekara goma sha biyu ke nan ba a cewa "kai". Kuku ne ya fara. Ranar da mahaifin Tela ya watso masa kayansa waje, ya ce bai haifi irinsa ba, Tela ya yi ta yawo har ya ƙare a bayan wani gidan abinci, kusa da inda ake zubar da ruwan wanke-wanke. Kuku, mai dafa abincin, ya leƙo, ya dube shi sau ɗaya, ya gane. Ya ce, "Ke, share hawayenki, shigo ki ci abinci." Tela ya ɗinka wa mutane riguna ba iyaka, amma bai taɓa ganin rigar da ta zauna wa mutum kamar yadda kalmar nan ta zauna masa ba. Tun ranar Kuku ya zame masa uwa, uba da gida. Sai dai a wajen ƙofa harafi ɗayan nan ya isa ya raba mutum da ɗakin haya, da shago, da haƙoran gaba. Sun san waɗanda abin ya faru da su, sun je gaishe su.

Su biyun suna ɗauke da cutar nan mai karya garkuwar jiki, kuma maganinsu iri ɗaya ne, ƙwaya guda kullum. Kuku ya bar shan nasa wata bakwai da suka wuce. A asibitin unguwarsu wata nas ta lura da yadda yake karya wuya in yana magana, ta bar ƙofa a buɗe, ta kira abokan aikinta su zo su ga ikon Allah, sannan ta yi masa wa'azi na rabin awa kafin ta miƙa masa kwalbar maganin. Kafin mako ya zagayo labari ya isa gidan abincin, aka ce ya huta tukuna. Bai sake taka asibitin ba, ya ce gara cutar, ita ba ta dariya.

Shi kuwa Tela ya fi wayo, ko dai haka yake gani. Asibitinsa yana can ƙarshen gari, mota biyu ake hawa. Shekara huɗu yana zuwa, katinsa ya ce yana da mata da 'ya'ya biyu, muryarsa a can ƙasa take, hannuwansa a aljihu. Har labulen ɗakin kati shi ya ɗinke musu da ya yage. Can zai kai Kuku yau, a matsayin yayansa, a buɗe masa sabon fayil, likita ya duba tarin nan, a mayar da shi kan magani. Wata dabarar ba shi da ita, wallahi, kuma ƙashin da ya taɓa ɗazu ya gaya masa babu sauran jira.

Suka isa da hantsi. Ɗakin jira dogo ne, benci shida, fanka ɗaya tana juyi kamar ba ta so. Mutane sun kai arba'in, kowa ya sunkuyar da kai, wasu da takunkumi har ƙarƙashin ido, don nan ba wurin da ake son a haɗu da ɗan unguwa ba ne. Mai Kati, matar da ke buɗe fayil, tana bayan tagarta, tana ganin Tela ta washe baki.

"A'a, Malam Tela! Ai ranarka ba ta yi ba. Ina iyali? Ina 'yan yarana?"

"Lafiya lau suke, suna gaishe ki. Yayana na kawo, uwa ɗaya uba ɗaya. Jikin ya matsa masa."

Ta leƙa ta ga Kuku a zaune, ƙafa a buɗe, hannu a gwiwa, fuska a murtuke. "Allah sarki, sannu Baba. Kawo katinka in ajiye a nan, don in tuna. Likita mutum ashirin yake gani, ku ne na sha bakwai. In layi ya zo kanku zan buɗe masa fayil."

Tela ya karɓi lambar, ya zauna, ya bar tazarar mutum guda tsakaninsa da Kuku. Abin dai na tafiya. Da wani dattijo mai hula ya tambayi Kuku ƙarfe nawa, Kuku ya daddage ya amsa da murya mai kauri, bai ko ɗaga gira ba. Tela ya ji kamar ya tafa masa. Aka kira na tara, aka kira na sha biyu. Zafi ya ƙaru, zufa ta jiƙa wuyan rigar Kuku, yana haɗiye tari don kada a dube shi. Tela ya ga leɓensa ya bushe, ya so ya goge masa goshi, ya tuna inda suke, ya ƙara cusa hannu a aljihu.

Ana kiran na sha huɗu Kuku ya sulale. Babu ko ƙara, kansa ya fara karkata, sai jikin ya bi, ya zube tsakanin benci biyu, idanunsa suka juye sai fari.

Tela bai san lokacin da ya isa ƙasa ba. Ya daki ƙirji, ya tallafo kan, ya ƙwala da muryarsa ta gaskiya, wadda ɗakin nan bai taɓa ji ba.

"Wayyo ni! Ke! Ke, tashi! Don Allah kar ki yi min haka, ki buɗe ido, ki dube ni!"

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Kuku ya ja numfashi, ya motsa, idanunsa suka dawo. A daidai lokacin kunnen Tela ya maimaita masa abin da bakinsa ya faɗa. Shi da tun asuba yake koyarwa! Shi da shekara huɗu ko tuntuɓen harshe bai taɓa yi ba!

"Ki?" in ji dattijo mai hula. "Me na ji ya ce? Wannan mai gemun ake ce wa ki?"

"Cewa na yi ya ƙi," in ji Tela. "Ya ƙi tashi. Ƙi na ce."

Wani ya tuntsire da dariya a bencin baya, wasu suka taya shi. Wata mata ta janye 'yarta ta mayar ɗaya gefen. Wani mai takunkumi, wanda tun safe yake ɓoye fuska, ya miƙe ya ɗaga waya yana ɗauka, har yana matsowa don ya samu fuskokin da kyau.

"Ashe irin su ne," in ji matar, da ƙarfi don kowa ya ji. "Irin su ne suka jawo mana wannan masifar. Mu muna zaman zamanmu."

Abin da ya fi ba Tela tsoro ke nan. Da a kasuwa ne da ya san abin yi, ya san lungu, ya san gudu. Amma waɗannan mutanen ƙwaya ɗaya suke sha da shi, ƙarya ɗaya suke yi wa maƙwabta in sun fito da safe, ga shi yau sun samu wanda za su duba daga sama, kuma daɗin abin ya fito a fuskarsu ƙarara.

Wata nas, siririya mai tabarau, ta ratso mutane da kofin ruwa. Ta durƙusa, ta kama wuyan hannun Kuku da hannunta tsirara, tana duba agogo. "Jikinsa zafi rau," in ji ta. "A shigar da shi yanzu, likita ya gan shi."

"Da wane fayil?" Mai Kati ce, ta fito daga bayan tagarta, ta harɗe hannu. Ba Kuku take kallo ba, Tela take kallo, daga hula har takalmi, kamar yau ta fara ganinsa. "Ban buɗe masa komai ba. Kuma layin yau ya cika."

"Ai ke kika ba su lamba, Anti," in ji nas ɗin.

"Kuskure na yi. In kina son sunanki ya fito a wayar wancan, bismilla, ɗauke shi da kanki."

Nas ɗin ta dubi wayar, ta dubi ƙofar likita a rufe. Sai ta sunkuyar da kai, hannunta bai saki na Kuku ba. Maigadi ya shigo yana kaɗa sanda a ƙafarsa, ya sunkuyo kusa da kunnen Tela. Ba mugu ba ne, sun sha gaisawa. "Malam, mai wayar nan ya fita bakin ƙofa yana nuna wa masu babur. In da ni ne kai, ba zan jira su gama kallo ba."

Tela ya je taga karɓar katinsa. Mai Kati ba ta miƙa masa ba, da bakin biro ta turo shi har ya faɗo ƙasa.

"Malam Tela," in ji ta, "ko Malama zan ce? Har da ɗinka mana labule! To, ranarka in ta yi, ka zo min da matar taka da yaran biyu, a gwada su a gabana. In ba su, ba magani."

Nas mai tabarau ce ta nuna musu ƙofar baya, ta wajen da ake shanya zannuwan gado. Ta taya shi riƙe Kuku har bakin titi, ta tsayar musu da mota. "Ka ba shi ruwa da yawa," in ji ta a hankali. "Ku dawo..." Ita ma ba ta san yaushe ba, sai ta juya da sauri.

A cikin mota idon Tela na kan sauran fasinjoji. Duk wanda ya ciro waya sai Tela ya kawar da fuska. Duk babur ɗin da ya jera da su sai ya sunkuyar da kai, yana jin zufa na bin bayansa. Da la'asar suka shiga ɗaki. Ya murɗa makulli sau biyu, ya sa sakata, ya saki labule, ya jawo keken ɗinki ya tokare ƙofar. Sannan ya kwantar da Kuku, ya zaro tasa kwalbar maganin daga ƙarƙashin tarin yadi, ya zazzage ta a kan faranti. Goma sha ɗaya. Ya ware biyar nan, biyar can, guda ɗaya ta rage a tsakiya. Ya zuba mata ido.

"Ni aka yi wa darasi," in ji Kuku daga kan katifa, murya ƙasa-ƙasa, "malama ce ta faɗi jarrabawa."

"Ba abin dariya ba ne. Na kashe mu."

"Na ji ki fa. Ina can nesa, duhu ko'ina, na ji ana cewa ke, tashi. Da kai kika ce, wallahi ban san da ni ake ba, da na wuce abina."

Tela ya ji hawaye ya cika masa ido, ya goge da gefen hannu. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, sau ɗaya, sau biyu, bai duba ba. Ya ɗauki ƙwayar tsakiyar, ya ɗebo ruwa, ya tallafo kan Kuku.

"Sha," in ji shi.

Kuku bai buɗe baki ba. Ya dubi makulli, da sakata, da keken ɗinkin da ya tokare ƙofa, sannan ya dubi Tela.

"A nan ma sai an datse maganar?"

Wasu takalma suka taho ta tsakar gidan, suka rage sauri daidai ƙofarsu. Tela ya kasa kunne, kofin a hannunsa. Takalman suka tsaya. Ba su ƙwanƙwasa ba, ba su kuma wuce ba.

Ya sunkuya har leɓensa ya taɓa kunnen Kuku.

"Ki sha, Uwa," ya raɗa mata. "Ki sha."